Yaya zan shuka furen daliya a ƙauyenmu na Kura?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kura, sana'ata ƙawata wuraren biki, galibi a cikin birnin Kano. Furen roba muka saba aiki da shi, amma yanzu wasu amare na gaske suke so. A wannan wata na Maris ƙanin maigidana ya dawo daga ƙasar Holan ya kawo mini ƙunshi shida na saiwar wani fure da ake kira daliya, gajeren iri. Ɗana ya karanta takardar da ke jiki, ya ce a shuka a Afrilu ko Mayu, ta yi fure da bazara. Muna da lambu a bayan gida, ruwan kanal ma ba nisa. Yaya zan shuka ta har in riƙa yanka ina kaiwa wurin biki?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya yi wa sana'a albarka. In na fahimce ki, abu uku kike nema: ki san lokacin shuka, ki san yadda ake renonta har ta ba da furen da za a iya yankawa, sannan ki san me za ki yi da ƙunshi shidan nan da ke hannunki yanzu. Zan fara da lokaci, domin a nan ne kusan duk wanda na sani ya yi asarar daliyarsa ta farko, ni ma a nan na yi tawa.

Ɗanki bai yi kuskuren karatu ba. Takardar ce ba don mu aka rubuta ta ba. Lokacin da Turawa ke kira na zafi, wanda masu fassara suka saba juya mana da "bazara", a Holan ma'aunin zafinsa da rana bai cika wuce 22 zuwa 25 ba, dare kuma da sanyi. Mu kuwa bazararmu, daga Maris zuwa Mayu, ma'auni yana kai 40 a inuwa, ƙasar lambu kuma ta fi haka zafi. Idan kika binne wannan saiwa a Afrilu kika zuba mata ruwa, dahuwa za ta yi a cikin ƙasa. Wadda ta tsira ta fito, ruwan Agusta ya same ta ya ruɓar da ita. Yanayin da ya fi kama da nasu a wurinmu shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare ke sauka zuwa 13 ko 15, rana kuma tana wajen 30. Ki riƙe wannan a ranki: daliya a ƙasar Kano abokiyar alkama ce da tumatirin rani. Ranar da kika ga mutanen Kadawa suna gyaran fangali don shukar alkama, ranar ce taki.

Asalinta shi ya sa haka

Daliya ba 'yar Turai ba ce. Daga tsaunukan Meziko da ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka ta fito, wurare masu tudu ƙwarai inda rana ke da haske amma dare ke da sanyi duk shekara. Birnin Meziko kansa yana sama da mita 2,200 daga gaɓar teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. An kai irinta lambun sarki da ke Madrid a ƙasar Sifen a 1789, Antonio José Cavanilles, wanda daga baya ya zama shugaban lambun, ya raɗa mata suna don tunawa da wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Anders Dahl. A 1963 Meziko ta ayyana ta a matsayin furen ƙasa. Na kawo wannan tarihi ne don ki gane halinta: shuka ce da ke son rana amma ba ta son daren zafi. Shi ya sa a Jos, mai tudun kusan mita 1,200, take sakewa fiye da yadda take yi a nan. Shi ya sa kuma a filayen Indiya masu zafi irin namu, da sanyi suke nomanta.

Akwai wani abu na biyu da takardar ba za ta faɗa miki ba, wato tsawon yini. Daliya tana auna tsawon rana. Idan yini ya gaza awa 12, sai ta ɗauka shekara ta ƙare, ta daina tsawo, ta yi gaggawar fure, ta mayar da ƙarfinta ƙasa wajen tara dankali, wato kumburarriyar saiwarta. A Holan yinin Yuni ya wuce awa 16. A nan Kano yinin Disamba bai cika awa 11 da rabi ba. Ke nan lokacin da sanyi ya yi mata daidai, yini ya yi mata gajarta. Abin da za ki gani shi ne shuka ta tsaya ƙasa da tsawon da aka rubuta, furen ya fito da wuri, wani lokaci tsakiyarsa a buɗe maimakon ya cika.

Wannan ya shafe ki kai tsaye, domin gajeren iri aka kawo miki. Ki duba sunan da ke jikin ƙunshin. Idan ya fara da Gallery, irin su Gallery Pablo ko Gallery Art Deco, tsawonsu a can ma santimita 30 zuwa 40 ne, a nan kuma za su gaza haka. Furensu yana da kyau matuƙa, amma karan da za ki samu bai fi tsawon tafin hannu da 'yan yatsu ba. Ba zai yi miki ƙunshin da amarya ke riƙewa ba, sai dai ƙananan kofuna a kan teburi. Idan sunan ya fara da Melody, sun fi tsawo, wajen santimita 60 zuwa 70, su ne a ganina suka fi dacewa da ƙaramin lambu da yanka. Masu suna Karma kuwa don yanka aka samar da su, suna kusan mita ɗaya, sai an kafa musu sanda.

Ni dai shawarata ga mai sana'a irin taki, idan Gallery ne a hannunki, kada ki wahalar da kanki da yanka. Ki rene su a tukwanen ƙasa masu kyau, ki ɗauki tukunyar gaba ɗaya zuwa wurin biki a jera ta gefen kujerar amarya, a tashi ki dawo da abarki gida. Fure a jikin uwarsa ya fi wanda aka yanke jure iskar hunturu nesa ba kusa ba, kuma tukunya ɗaya za ta halarci biki da yawa.

Ido ake saye, ba girma ba

Ki ɗauko ƙunshi ɗaya ki duba. Za ki ga abubuwa kamar dankalin Hausa sun taru a gindin wani busasshen kara. Kamannin nan yana ruɗin mutane. Dankalin Turawa idanu ne ko'ina a jikinsa, ko yanka shi kika yi kowane yanki zai tsiro. Daliya ba haka take ba. Jikin dankalin rumbu ne kawai, abinci ne a ciki. Idon da ke tsirowa yana can sama, a ƙeyar da ta haɗa dankalin da tsohon kara. Duk dankalin da ya ɓalle ba tare da guntun ƙeyar nan ba, ko wuyansa ya karye, ko girmansa ya kai doya ba zai taɓa fitar da ganye ba. Zai yi saiwa, ya zauna cikin ƙasa watanni, ki yi ta jira. Ƙarami mai ido ɗaya lafiyayye ya fi babba makaho. Idon kansa ɗan tsiro ne kamar ƙurji, fari ko ja-ja, kamar idon rake kafin ya fashe.

Ki matsa kowanne da yatsa. Mai tauri lafiyarsa ƙalau. Wanda ya ɗan yamutse ma yana da rai. Wanda ya yi laushi yana wari, ki yanke shi da wuƙa mai tsabta har ki kai farin nama, ki barbaɗa toka, ki bar shi ya sha iska a inuwa kwana ɗaya.

Shukar kanta

Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke ƙasa ta tsane. Wurin da rana ke samu daga safe zuwa azahar, sannan inuwar bango ko ta bishiya ta rufe shi da yamma. Ki yi masa darni ko ki kafa zana ta ɓangaren arewa da gabas inda iskar hunturu ke busowa, domin karan daliya rami ne a ciki, iska kaɗan take karya shi. Darnin zai kuma tsare miki awaki, waɗanda ba sa raga mata.

A nan zan saɓa wa abin da manoman wajenku suka saba. Kada ki shuka ta a cikin fangalin da ake cikawa da ruwa. A kan kunya za ki sa ta, ko tudun da ya ɗaga kamar taƙi ɗaya, ruwa ya bi ta kwari ya jiƙa gefe. Ƙasar wajen Kura da ake shinkafa a kai tana riƙe ruwa, to ki gauraya ta da rairayi da takin shanu wanda ya shekara ya koma baƙar ƙasa. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona ido kuma yana jawo gara. Ki guji wurin da aka jima ana tumatir ko kuɓewa kika ga saiwarsu tana yin ƙulle-ƙulle, wannan tsutsar saiwa ce, tana kama daliya ita ma.

Ramin santimita 10 zuwa 12, ki kwantar da dankalin, ido yana kallon sama, ki rufe. Tsakanin shuka da shuka santimita 30 zuwa 40 ga gajerun iri. Littattafan Turawa suna cewa kada a ba da ruwa sai ta tsiro, saboda ƙasarsu da damshinta lokacin shuka. Tamu a Nuwamba busasshiya ce. Abin da nake yi, ina jiƙa ƙasar kwana biyu kafin shuka, in shuka a cikin damshin, sannan in bar ta, sai in na tona gefe da yatsa na ji ta bushe ƙarau in ɗan yayyafa. Dankalin da bai yi saiwa ba ba ya shan ruwa, kwanciya kawai yake a ciki yana ruɓewa. Cikin mako biyu zuwa huɗu za ki ga tsiro. Daga nan ne ban ruwa na gaske ke farawa, a ƙoshi sau biyu ko uku a mako gwargwadon ƙasarki, da safe. Ki shimfiɗa bambaron shinkafa a gindi don ƙasar ta yi sanyi, amma ki riƙa ɗagawa kina duba gara.

Taki kuwa, ki nisanta ta da yuriya. Yuriya za ta ba ki ganye kore shar, kara mai laushi, fure kaɗan, da dankalin da ba ya ajiyuwa. Ɗan kamfa, cokali ɗaya a gefen kowace shuka bayan ta yi ganye, a sake bayan wata guda, ya wadatar idan ƙasar ta sha takin gargajiya.

Yanzu ga abin da ke ƙara miki tsawon kara. Tunda gajartar yini ce ke tsayar da ita, sai a ƙara mata yini. Masu noman fure a duniya sun daɗe suna haka da fitila. Ba haske mai ƙarfi ake bukata ba, wanda za ki iya karanta rubutu a kan ganyen da shi ya isa. Ƙwan sola guda biyu a rataye sama da kunyar, a kunna daga magariba zuwa kamar ƙarfe tara na dare, tun daga tsirowa har mako biyar ko shida, sannan a daina. A lambuna na gwada kunya biyu kusa da juna, ɗaya da fitila ɗaya babu, da labulen zana a tsakani. Mai fitilar ta yi jinkirin fure, amma ta fi tsawo a fili, furenta kuma ya fi cika. Tun daga nan ban sake shuka daliyar yanka ba fitila ba.

Sai kuma abin da hannu ba ya son yi. Idan shukar ta yi ganye jeri uku ko huɗu, ki tsinke kanta da farce. Mutum yana jin kamar ɓarna yake yi, ga shuka tana tashi lafiya. Amma daga hammatar kowane jerin ganye reshe biyu za su fito, maimakon fure ɗaya a kan kara mai kauri ki samu rassa shida ko takwas. Idan kunnuwan fure, wato furen da bai buɗe ba, suka fito, yawanci uku ne a kan kowane reshe, ki bar na tsakiya ki cire biyun gefe tun suna ƙanana. Furen farko yakan zo wata biyu da rabi zuwa uku bayan shuka. Wanda ya shuka a farkon Nuwamba zai fara yanka a tsakiyar Janairu, ya ci gaba har zafi ya shigo. Idan bukukuwan ƙarshen Disamba kike hari, sai ki fara tsirar da su a tukwane cikin inuwa tun farkon Oktoba, ki dasa daga baya.

Kwarin da suka fi damunta a hunturu su ne waɗanda busasshiyar iska ke haifarwa: jan gizo-gizo ƙanana a bayan ganye, waɗanda ke mayar da shi kamar an watsa masa ƙura, da 'yan siraran kwarin nan da ke shan ganyen albasa, su kuma cikin furen suke shiga su ɓata launinsa. Saboda haka kada ki shuka ta jikin albasa. Wanke bayan ganye da ruwa da safe sau biyu a mako yana rage su sosai, ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa aka tace shi ma yana taimakawa, a fesa da yamma. Shukar da ta tsugune ganyenta ya yi dabbare-dabbaren rawaya ya murɗe, cuta ce da ba ta da magani, kwari ne ke yaɗa ta. Ki tuge ta ki ƙone tun ba ta shafi sauran ba.

Yanka da kaiwa

Daliya ba ta buɗewa bayan an yanke ta. Idan kika yanke ta a dunƙule, a dunƙule za ta mutu. Ki jira ta kusa gama buɗewa, ki juya bayanta, idan ganyen furen na baya suna da ƙarfi ba su fara yaushi ba, lokacinta ne. Da asuba ake yanka, da bokitin ruwa mai tsabta a gefenki, kara ya shiga ruwa nan take. Ki yanka can ƙasa, daidai saman ganye biyu, ko da za ki sadaukar da wasu kunnuwa, domin yanka mai zurfi ne ke sa reshen da zai biyo baya ya yi tsawo. Ki zage ganyen da zai nutse a ruwa. Ki ajiye bokitin a ɗaki mai sanyi na wasu awanni kafin tafiya, a mota kuma ki lulluɓe shi da jiƙaƙƙen mayafi mara nauyi, kada iskar hanyar Zariya ta buge shi.

Gaskiyar da ya kamata ki faɗa wa amare tun wuri guda biyu ce. Daliya ba ta da ƙamshi. Kuma kwananta a ruwa uku ne zuwa biyar, a busasshiyar iskarmu ma ki lissafa uku. Masu siffar ƙwallo, ƙanana masu cikar ganye, sun fi manya-manyan daɗewa. Don biki na yini ɗaya wannan ba matsala ba ce, a yanka da asubar ranar ko ta jajibiri.

Ƙunshi shidan da ke hannunki

A nan ne zan rage miki buri, ki yi haƙuri. An tono su a Holan tun kakar bara, sun yi watanni a ɗakin sanyi, yanzu sun shirya tsirowa. Ba za su jira Oktoba a cikin leda ba, kafin Mayu sun bushe kamar ƙirare. Saboda haka bana ba fure za ki nema ba, rai za ki tsare musu.

Ki sa kowanne a tukunyar ƙasa mai huda a gindi, cikin rairayi da ɗan tsohon taki, ki ajiye a wuri mafi sanyi a gidan, ƙarƙashin mangwaro ko rumfar da ranar hantsi kawai ke shiga. Ruwa kaɗan-kaɗan, ki riƙa jiƙa bayan tukunyar da ƙasan da take kai. Za su tsiro, ba za su yi kyau ba, duk kunnen furen da ya fito ki cire. Da damina ki matsar da su ƙarƙashin rufi inda ruwan sama ba ya zuba a kansu, ki ɗora su a kan bulo. Waɗanda suka kai ƙarshen Satumba, ki yanko sabbin rassa masu tsawon yatsa waɗanda cikinsu bai yi rami ba, ki kafa a jiƙaƙƙen rairayi cikin inuwa. Mako biyu zuwa uku suna yin saiwa, kowanne kuma zai zama shuka irin uwarsa sak, ya yi fure a hunturun, ya tara nasa dankalin. Ko biyu ne suka tsira a cikin shidan, kin samu iri. Idan kuma kina da ɗan'uwa a Jos, ki raba biyu ki aika masa rabi ya riƙe miki zuwa kaka.

Ba na miki alkawarin za su tsallake. Tsallakar da daliya daga Maris zuwa Oktoba shi ne mafi wuya a nomanta a ƙasar nan, kuma duk shekara ina rasa wasu. A ƙasashen sanyi dankalin yana kwana a ma'aunin 4 zuwa 10, mu ba mu da ɗakin da ke haka sai da lantarki. Nawa, idan ganye ya yi rawaya a Maris, nakan janye ruwa mako biyu, in tono a hankali, in shanya a inuwa, in binne cikin busasshen buntun shinkafa a tukunya, in sa ta cikin wata babbar tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu. Dabarar nan ce ta marigayi Mohammed Bah Abba, malamin da ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa don ajiyar kayan miya har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Da bazara tana aiki sosai domin iska a bushe take. Da damina ta shigo sanyinta yana raguwa, a nan nake yawan asara, sai dai in riƙa buɗewa duk mako biyu ina fitar da wanda ya fara lalacewa.

Don haka nake ba ki shawara ki haɗa da iri na ƙwaya. Akwai gajerun daliya da ake shukawa daga ƙwaya, irin su Figaro da Unwins, a yafa a kwali a farkon Oktoba a dasa bayan wata guda kamar tumatir. Launinsu gauraye yake fitowa, ba ki da zaɓi, furen kuma bai kai na dankali cika ba, amma ƙwaya ba ta ruɓewa da damina. Wadda ta burge ki a cikinsu, ki ɗaura mata zare, ki ajiye dankalinta. Nan gaba kuma idan za a sake kawo miki daga waje, a bi ta hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai, saboda cututtukan da ke ɓuya a saiwa, kuma a nemi na Afirka ta Kudu. Su lokacin shukarsu yana kamawa wajen Satumba da Oktoba, dankalinsu yana isowa daidai da buɗewar namu lokacin.

Yau dai ki fitar da su daga leda, ki duba ƙeyar kowanne, ki rubuta sunansa a jikin tukunyar da za ki sa shi. Idan kin turo mini sunayen, zan gaya miki wanda ya cancanci kunya da wanda zai zauna a tukunya. A gaida maigida da yara.